Otel ya daina ba ka ƙaramar robar shamfu: doka ce ko lissafin riba?

Manyan otel-otel na duniya, har da masu rassa a Abuja, sun ɗauki wata sabuwar ɗabi'a a 'yan shekarun nan. Ƙananan robobin shamfu da man shafawa da ake jerawa a banɗaki, waɗanda baƙo kan kwashe ranar tafiya ya kai wa yara tsaraba, suna ta ɓacewa. A madadinsu an kafe babbar gora mai famfo a jikin bango, in ta ƙare a sake cika ta. Tsinken shan lemo na roba ya koma na takarda. Sannan ga ɗan kati a gefen gado yana cewa duk don kare muhalli ake yi. Wasu baƙi sun ɗauka gwamnati ce ta tilasta, wasu kuma na cewa rowa ce kawai aka yi wa kwalliya. Kafin a yanke wa masu otel hukunci, ya kamata a san abin da takardun gwamnati suka ce.

A watan Oktoba na 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sarrafa sharar roba. Takardar ta nuna inda aka dosa: a rage ledoji da robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar, a ƙara sake sarrafa waɗanda aka yar, sannan kamfanin da ya zuba kaya cikin roba ya ɗauki nauyin robar har bayan an shanye abin da ke ciki. Amma manufa daban, doka daban, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Manufa sanarwa ce ta alƙiblar gwamnati. Alƙali ba ya cin mutum tara saboda ya saɓa mata, sai an mayar da ita dokar majalisa, ko kuma hukuma mai hurumi, kamar NESREA, mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'ida mai ɗauke da hukunci.

An taɓa yunƙurin yin dokar. A watan Mayu na 2019 Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudirin hana ledar zuba kaya, inda ta tanadi tarar naira dubu 500 ko ɗaurin shekara uku ga mutum, da naira miliyan 5 ga kamfani. Ƙudirin bai kai ga zama doka ba. A 2023 kuma, gab da ƙarshen mulkin Buhari, an sanya harajin kashi 10 cikin ɗari a kan robobin amfani sau ɗaya, sai Shugaba Tinubu ya dakatar da shi a watan Yuli na shekarar, bayan masu masana'antu sun koka da tsadar sarrafa kaya.

Matakin da ya fi yin amo shi ne na watan Yuni na 2024, lokacin da Majalisar Zartarwa ta haramta robobin amfani sau ɗaya a ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya. Ƙaramin ministan muhalli na lokacin, Iziaq Salako, shi ya sanar wa manema labarai. A lura da iyakar umarnin: ofisoshin gwamnati ya shafa. Otel na ɗan kasuwa da ke Wuse ko Garki ko Maitama ba ma'aikata ba ne, saboda haka umarnin bai hau kansa ba.

Wanda ya dawo daga Legas zai ce ai ya ga jami'ai suna kwashe robar tekawe a kasuwa. Gaskiya ne. Jihar Legas ta haramta farin kwanon soso na zuba abinci a watan Janairu na 2024, kuma daga 1 ga Yuli, 2025 ta fara aiwatar da hani a kan tsinken shan lemo da kofuna da cokula na roba, da siririyar ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba (ma'aunin kauri ne). Ba ta taɓa ruwan leda da ruwan gora ba, ta bar su a wuyan kamfanonin da ke yin su. Sai dai wannan hukuncin jiha ne, iyakarsa kan iyakar jihar. Tun a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar da aka yi tsakanin gwamnatin tarayya da Jihar Legas, cewa tsara harkar otel da ba shi lasisi hurumin jihohi ne. Abuja kuwa ba ta da majalisar jiha. Bisa sashe na 299 na kundin tsarin mulki, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka. Hukumar AEPB, wadda dokarta ta 1997 ta ɗora wa kula da muhallin birnin, ita ce ke bin otel kan kwasar shara da tsafta. (Mai otel a Mararaba ma ba ruwansa da AEPB, don yana tsallake iyaka ya shiga Nasarawa, ko da baƙinsa duka a Abuja suke aiki.)

To in waɗannan takardu ba su ɗora wa otel na Abuja tara ba, me ya sa wasu suka canza? Ga manyan kamfanoni, umarnin daga hedikwata yake zuwa. A watan Yuli na 2019 kamfanin IHG, mai Holiday Inn, ya sanar zai cire ƙananan robobin banɗaki daga dukkan otel-otel ɗinsa, ya ce yana amfani da kusan miliyan 200 a shekara. Bayan wata ɗaya Marriott ya bi sahu, ya ce nasa matakin zai hana kusan miliyan 500 zuwa juji duk shekara. A shekarar dai jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar hana su, wadda ta fara aiki a 2023 kan otel mai ɗaki fiye da 50, jihar New York ta biyo baya a 2025, Tarayyar Turai kuma ta sa 2030. Kamfanin da ke da otel a ƙasashe sama da ɗari ba zai so ya riƙa sayen kayan banɗaki iri biyu ba. Sai ya canza duka, canjin ya iso har Abuja ba tare da wani jami'i ya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Sannan akwai lissafi, kuma babu dalilin ɓoye shi. Shamfu a jarka ya fi araha nesa ba kusa ba a kan wanda aka rarraba cikin ƙananan robobi, domin a ƙaramar roba kusan kuɗin mazubi ake biya. Baƙo ya buɗe, ya yi amfani da rabi, mai gyaran ɗaki ta zubar da saura ta ajiye sabo. Wanda bai buɗe ba kuma ya jefa a jaka. Gorar bango ta toshe duk waɗannan ƙofofin. Haka katin nan mai roƙon ka sake amfani da tawul: kowane tawul da ba a wanke ba ragin ruwa ne da sabulu da dizal ɗin janareto, kuma duk mai otel a Abuja ya san abin da dizal ke ci masa. Zargin ma ba sabo ba ne. Tun 1986 wani mai fafutukar muhalli Ba'amurke, Jay Westerveld, ya soki irin wannan kati na tawul, yana cewa otel na neman yabo a kan abin da aljihunsa ne ya fara amfana da shi.

Ni dai ban ga laifi a ce mutum ya rage shara kuma ya rage kashe kuɗi a lokaci guda ba. Robar da ba a saya ba ba za ta toshe kwata ba, ko da mai otel bai taɓa tunanin kwata ba. Kuma tsarin da ke kawo riba ya fi daɗewa a kan wanda ake yi don ganin ido, don in manaja ya canza ba za a soke shi ba. Niyya tana cikin zuciya, babu hukumar da za ta iya auna ta, doka ma ba ta ce za ta auna ba. Abin da doka ke kamawa shi ne furuci.

Nan ne wata doka da ba a cika haɗa ta da muhalli ba take shigowa, wato dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta haramta wa mai sayar da kaya ko hidima yin bayanin ƙarya, ko bayanin da zai ruɗi mai saye game da abin da yake biya wa kuɗi. Otel na da 'yancin yin shiru. Yana iya cire robar shamfu bai ce uffan ba, babu mai tambayarsa. Amma ranar da ya rubuta a shafinsa na intanet ko a allon talla cewa ya rabu da roba gaba ɗaya, ko yana sake sarrafa dukkan shararsa, ya yi iƙirarin da za a iya bincika. In aka tarar ba haka ba ne, wanda ya kama ɗaki saboda wannan maganar yana da hurumin kai ƙara, kuma tarar da dokar ta tanadar wa kamfani tana iya kaiwa kashi 10 cikin ɗari na cinikin shekarar da ta gabata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa za ka ga masu wayo suna zaɓen kalmomi masu santsi irin su “muna ƙaunar muhalli”, waɗanda ba su ɗauki alkawarin komai ba balle a kama su da saɓawa.

Mai son gane da gaske ake ko a'a, kada ya tsaya a banɗaki. Ya duba inda canjin ke cin kuɗin otel, ba inda yake tara masa ba. Babban misali shi ne ruwan sha. Yawancin robar da otel na Abuja ke fitarwa ba ta shamfu ba ce, gorar ruwa ce: biyu a kowane ɗaki, ɗaya a gaban kowace kujera a ɗakin taro, a sha rabi a bar rabi, a kwashe da rana a jera sababbi. Kuma akwai dalili. Baƙo a ƙasar nan ya fi yarda da gorar da shi ya ɓalle murfinta, mai lambar NAFDAC, ko ruwan otel ɗin daga madatsar Usuma yake zuwa ko daga rijiyar burtsatse. Otel ɗin da ke son barin gorar roba sai ya sayi injin tace ruwa, ya riƙa kai ruwan gwaji, ya sayi kwalabe, ya ɗauki wanda zai wanke su da kyau, sannan ya haƙura da ribar da yake ci a kan kowace gora da yake sayarwa ninki uku na kuɗin kasuwa. Wanda ya yi wannan ya taɓa aljihunsa. Wanda ya canza tsinken lemo kaɗai, alhali katan-katan na ruwan roba na shiga ta ƙofar baya kowace safiya, ya zaɓi abin da ido ke gani ne.

Akwai kuma madadin da sunansa ya fi aikinsa. Kofin takarda na shayi yawanci akwai siririyar roba a cikinsa don kada ya jiƙe, abin da ke sa sake sarrafa shi ya yi wuya. Wasu ledojin da ake rubuta wa cewa suna narkewa da kansu ba narkewa suke ba, farfashewa suke zuwa ƙananan ɓurɓushi. Tarayyar Turai ta haramta irinsu a dokarta ta 2019. Ita ma kwalba sai an yi ta maimaita amfani da ita take da fa'ida, don tana da nauyi kuma ƙera ta na cin wuta.

Tambaya ta biyu ita ce ina sharar ke zuwa bayan ta fita daga get. Kwandon shara kala uku a harabar otel ba shi da amfani in mota ɗaya ce za ta haɗe su ta juye a jujin Gosa. Ƙididdigar OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ta nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya. A nan gida kuma mun san waɗanda ke yin aikin: 'yan bola jari da ke tsince goruna su sayar a kilo, da mata masu zoɓo da kunun aya da manja da soyayyiyar gyaɗa, waɗanda ke sayen gorar da aka shanye su wanke su sake cikawa. Su ne suka daɗe suna tsawaita ran roba tun kafin wani otel ya buga kati. Otel ɗin da ya ware gorunansa a tsaftace, ya ƙulla yarjejeniya da masu tattarawa, ko da ƙawancen kamfanonin abinci da abin sha na FBRA da aka kafa a 2018 don wannan aiki, yana da abin nunawa: sunan mai ɗauka, da nauyin abin da aka ɗauka a wata. Tambayi manaja wa ke kwashe robarsu. In amsar tana bakinsa, to akwai tsari.

Duk wannan magana ta manyan otel ce. Ƙananan masaukai na Nyanya da Kubwa da Zuba, inda ake ba baƙo ɗan sabulu a leda da ruwan leda biyu, ba su da hedikwata a Amurka da za ta matsa musu, kuma su ne suka fi yawa. Ba za su canza ba sai doka ta zo da hukunci, ko madadin ya fi leda araha.

Akwai dai wata igiya a hannun gwamnati da ba ta buƙatar jiran majalisa. Otel-otel na Abuja da taro suke rayuwa, kuma ma'aikatu da hukumomi na cikin manyan masu kama ɗakin taro. Hukumar da aka hana shigar da ruwan roba ofishinta tun 2024, in ta tafi otel yin bita ta kwana uku ta jera goruna ɗari biyar a tebur, ba otel ne ya saɓa umarni ba, ita ce ta zagaye shi. Layi ɗaya a takardar kwangila ya wadatar: ruwa a tulun famfo da kofin gilas, abinci a faranti, ba robar tekawe. Mai kama zaure don ɗaurin aure ko taron ƙungiya ma yana iya sa wannan sharaɗi kafin ya biya kafin alƙalami, kuma in an amince a rubuce, ya zama ɓangaren yarjejeniyar da zai iya riƙe otel da ita in an saɓa.