Waiwaye: Lokacin da aka tuge layin dogo don yi wa jiragen yaƙi sulke

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, jihohin Kudu da suka ɓalle sun wayi gari ba su da rundunar ruwa ta a zo a gani. Arewa ta tare musu bakin teku, auduga ba ta fita, makamai ba sa shigowa. Ministan sojan ruwansu, Stephen Mallory, ya san ba zai kamo Arewa a yawan jirage ba, sai ya ƙwallafa rai a kan jirage masu sulken ƙarfe. Faransa ta riga ta ƙera La Gloire a 1859, Ingila ta biyo da Warrior a 1860. To amma waɗannan ƙasashe ne masu masana'antu. Kudu kuwa gona ce.

Ɗaya daga cikin jiragen farko ma gawa aka tono. Sojojin Arewa sun banka wa jirginsu Merrimack wuta a Norfolk kafin su janye, 'yan Kudu suka tsamo shi, suka raɗa masa suna Virginia. A lokacin, masana'antar Tredegar da ke Richmond ce kaɗai a Kudu ke iya murza farantin ƙarfe mai kaurin inci 2. Ɗanyen ƙarfe bai wadata ba, sai aka shiga tattaro layin dogo ana murzawa. An jera farantan ninki biyu a kan katako mai kaurin ƙafa 2. Ran 8 ga Maris 1862 Virginia ya afka wa jiragen Arewa, ya nutsar da Cumberland, ya ƙona Congress, harsasan igwa suna dukansa suna zamewa. Washegari Monitor, jirgin Arewa mai sulke, ya iso, suka kara aka tashi ba kare bin damo.

Daga nan ƙarancin ya fito fili. Jirgin Arkansas bai samu faranti ba, layin dogon aka jera masa ɗanye a birnin Yazoo. Matan Savannah sun tara kuɗi aka gina jirgin Georgia, nauyin ƙarfensa ya fi ƙarfin injinsa, ya ƙare a ɗaure wuri guda. Albemarle kuwa a gonar masara aka gina shi a bakin kogin Roanoke, kwamandansa James Cooke yana bin gonaki yana tsintar tsofaffin ƙarafuna.

A ganina nan ne Kudu ta yi tufka da warwara. Layin dogon da ake tugewa, shi ne ke kai wa sojan ƙasa masara da harsashi, kuma shi ne ya kamata ya kai farantan wurin ƙira. Jirage da dama sun yi watanni suna jiran sulke. Jirgin Mississippi ba a gama shi ba aka ƙona shi a New Orleans a Afrilun 1862 don kada ya faɗa hannun Arewa. Mallory ya juya Turai sayayya, amma a 1863 gwamnatin Ingila ta tsare jirage biyu masu sulke da kamfanin Laird ke ƙera masa, ba su taɓa isa Kudu ba.