Daga fada zuwa jastis: ma'anar kalmomin shari'a da muke ji a Damagaram

Mutumin Damagaram ta baki uku yake jin maganar shari'a. Malaman zaure sun ba mu da'awa da hujja da rantsuwa, ma'aikatan gwamnati sun ba mu Faransanci, gidajen rediyon Kano kuma kullum suna zuba mana kalmomin kotunan Najeriya. Idan aka cakuɗa su, sai mutum ya je neman abin da babu shi a ƙasarsa.

Me ya sa ba mu da kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci irin ta Kano?

Saboda gadon ba ɗaya ba ne. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, Nijar ta gaji na Faransa, wanda ke dogara ga rubutattun kundayen doka. A 1961 aka fitar da kundin hukunta laifukanmu, aka yi ta yi masa gyara. A garuruwa irin su Mirriya, Magariya, Matamaye, Tanut da Gure akwai ƙananan kotuna. A cikin birnin Damagaram akwai babbar kotu, wadda jama'a ke cewa jastis, da kuma kotun ɗaukaka ƙara.

Shari'ar Musulunci ta ƙofar al'ada take shiga. A maganar aure, saki, riƙon yara, gado da gonar da ba ta da takardar mallaka, alƙali yana aiki da al'adar masu ƙara, kuma a nan yawancin al'adar fiƙihun Malikiyya ce. Tun da ba lallai ne alƙalin da aka turo ya san al'adar wurin ba, ana zaunar masa da mataimaka masana al'ada, sau da yawa malamai, su ba shi shawara. Shi ne dai mai yanke hukunci.

Mai unguwa ko sarki ya raba mu rigima. Wannan hukunci ne?

Sulhu ne, kuma a ganina a nan aka fi yin asara. Doka ta ba sarakunan gargajiya, daga mai unguwa da mai gari har zuwa Sultan, ikon sasanta mutane a kan al'amuran al'ada. Ba ta ba su ikon ɗaure kowa ba. Sulhu yana tsayawa ne da yardar ɓangarori biyu. Idan ɗaya ya ƙi, sai a rubuta cewa ba a daidaita ba, a wuce kotu.

A rigimar gona ko ta manoma da makiyaya, dokar karkara ta 1993 ta wajabta a fara da sarakuna kafin a je gaban alƙali. Wanda ya tsallake fada ana iya mayar da shi baya. Abin da mutane ke sakaci da shi shi ne takardar sulhu. A yi musabaha, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa ba rubutu. Bayan shekara goma dattawan da suka shaida sun kwanta dama, ƴaƴa su tada maganar sabuwa fil. Takardar da aka sa wa hannu, aka kai kotu ta tabbatar da ita, ana iya tilasta aiki da ita. Haka ma kada a yi sakaci da takardun hukumar filaye, wadda ake kira kofo, na saye ko kyauta ko aron gona.

Wane ne porkire, kuma me ya raba shi da alƙali?

Porkire shi ne mai gabatar da ƙara da sunan al'umma. Shi ke karɓar sakamakon binciken ƴan sanda da jandarma, ya duba ko a kai magana gaba ko a ajiye ta. Ba ya yanke hukunci, roƙo yake yi a yanke. Saboda haka idan ka ji an ce "porkire ya nemi shekara biyar", ba a ɗaure kowa ba tukuna. A manyan laifuka akwai alƙalin bincike, mai tattara hujjojin da ke kama mutum da waɗanda ke wanke shi. Aboka shi ne lauya. Garafiye ke riƙe da rajista da takardun kotu, wisiye kuma ke kai sammaci da zartar da hukunci, kamar kwashe kayan wanda ya ƙi biyan bashi.

An tsare ɗan'uwana a kwamisariya, ofishin ƴan sanda. An ɗaure shi ke nan?

A'a. Wannan tsarewar bincike ce, a laifukan yau da kullum awa 48 ce, porkire na iya ƙara wasu 48. Daga nan ko a sake shi ko a kai shi jastis. Ko da alƙali ya sa hannu aka kai shi gidan kaso, sunansa wanda ake tuhuma har ranar da kotu ta same shi da laifi. Abin da ƴan Najeriya ke cewa beli, makamancinsa a nan shi ne sakin talala: a roƙi alƙali ya bar mutum ya koma gida, shari'a na ci gaba. Kada a haɗa shi da ɗaurin je-ka-gyara-halinka, wanda hukunci ne cikakke: an same ka da laifi, an dai dakatar da zaman kason, in ka sake tafka wani a haɗa maka.

Idan ban yarda da hukunci ba fa?

Sai ɗaukaka ƙara, kuma wa'adinta ƙidayayye ne, don haka a tambayi garafiye tun ranar. Kotun sama tana sake duba maganar gaba ɗaya. Ta ƙoli da ke Yamai ba ta sake sauraron shaidu, tana duba ko an bi doka daidai ne kawai.

Wa ke yin doka yanzu da babu majalisa?

A ƙarƙashin kundin tsarin mulkin 2010, gwamnati ko depite, wato ƴan majalisa, su kawo daftari, majalisar dokoki ta tattauna ta kaɗa ƙuri'a, shugaban ƙasa ya sa hannu, a buga a jaridar gwamnati. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an jingine kundin, an rusa majalisar. Tun daga lokacin shugaban ƙasa ke sa hannu kan ordonas, wadda ke da ƙarfin doka. Ƙasa da ita akwai dekere, mai fayyace yadda za a yi aiki da doka ko naɗa muƙamai, sannan arete na minista ko gwamna ko magajin gari. Na ƙasa ba ya saɓa wa na sama. A watan Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takardun kotu dai da Faransanci ake rubuta su, shi ya sa wanda ba ya jin sa ya nemi tafinta ya karanta masa kafin ya dangwala yatsa.