Manoma a Majalisar Dokokin Jihar Zamfara

Majalisar Dokokin Jihar Zamfara tana Gusau, kujerunta 24 ne daga ƙananan hukumomi 14, kuma tunda jiha ce da take alfahari da noma har a takenta, da wuya ka samu mazaɓar da ba manoma ne suka fi yawa cikin masu jefa ƙuri'a ba.

Asali

An cire Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996 zamanin Janar Sani Abacha, amma manoman yankin sun shiga siyasa tun kafin nan. Abin da dattawa suka fi tunawa shi ne rikicin dam ɗin Bakalori kusa da Talata Mafara, inda aka karɓe gonakin mutane don aikin noman rani, diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe masu wuta. Yawan waɗanda suka mutu har yau ana saɓani a kai. Wannan ciwon ya koya wa manomi cewa in babu naka a inda ake yanke magana, gonarka ma ba taka ba ce.

Hanyar shiga

Galibi ba daga gona ake tsallakawa majalisa kai tsaye ba. Mutum yakan fara da shugabancin ƙungiyar manoma ko rabon taki a gunduma, ya zama kansila, wani ya yi ciyaman, kafin jam'iyya ta ba shi tikiti, kuma mai babban gandu da yake ciyar da 'yan ƙwadago yana ranta wa maƙwabta buhun gero lokacin bazara ya riga ya tara jama'a tun ba a buga fosta ba. Tsarin mulkin 1999 ya nemi ɗan takarar majalisar jiha ya kasance da ilimin sakandare, shekaru kuma 30 ne kafin a rage zuwa 25 a 2018. Dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana mai muƙami gudanar da kasuwanci amma ta ware noma, shi ya sa onarabul yake riƙe da gonarsa yana majalisa.

Daɗewa a kujera

Wa'adi shekara 4 ne kuma ba a ƙayyade sau nawa ɗan majalisa zai koma ba, saɓanin gwamna. Majalisar farko ta fara zama wajen tsakiyar 1999, ita ce ta amince da dokar Shari'a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Babban abin da ya katse daɗaɗɗun 'yan majalisa shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 24 ga Mayu 2019, da ya soke ƙuri'un APC gaba ɗaya saboda rashin ingantaccen zaɓen fidda gwani, kujerun suka koma hannun PDP.

Yanzu

Koken da ya fi zuwa daga mazaɓu irin su Maru, Zurmi da Anka shi ne 'yan bindiga sun hana zuwa gona.