Wai Hausa Ba Ta Da Nahawu?

Mutane da yawa sun taso da tunanin cewa nahawu na Turanci da Larabci ne kawai, Hausa kuwa kara zube ake yin ta. Dalili shi ne a aji aka koya mana ƙa'idojin waɗancan, Hausa kuma a bakin iyaye muka tsince ta.

Amma ka ce wa yaron Kano "rana ya fito", nan take zai gyara maka. Jinsi ke nan, kuma Hausa ta fi Turanci tsanantawa a kansa: muna bambanta "kai" da "ke", Bature kuwa kalma ɗaya gare shi.

Wurin da ya fi burge ni shi ne aikatau, wato kalmomin da ke nuna aiki. Dubi saya, sayo, saye, sayar. Saiwa ɗaya ce, amma sauya ƙarshenta kaɗai ya nuna ko an kawo abin nan, ko an kwashe shi duka, ko an rabu da shi. A 1960 wani Bature masanin harshen Hausa, F. W. Parsons, ya kasa wannan tsari gida bakwai.

Abin takaici, wannan kuskure na cewa Hausa ba ta da nahawu ne ke sa ɗalibai raina darasin Hausa a makaranta.