Farautar elk a Amurka: lokacin baka da lokacin bindiga

Elk wata dabba ce dangin barewa da ke rayuwa a duwatsu da dazukan Arewacin Amurka, wasu na ce mata wapiti, sunan da ya samo asali daga yarukan ƴan asalin ƙasar. Girmanta ya wuce na barewa nesa ba kusa ba, namiji babba yakan haura kilo 300, ga ƙahoni masu rassa da yake zubarwa duk shekara wasu su sake fitowa. Jihar Colorado ce ta fi kowace jiha yawansu, sannan akwai su sosai a Montana, Idaho, Oregon da Wyoming.

Ba haka kawai mutum ke saɓa bindiga ya shiga daji ba. Sai da lasisi da takardar izinin dabba guda, a wurare da yawa ma ta hanyar ƙuri'a ake rabawa, wani sai ya yi shekaru yana nema bai samu ba. Dalili kuwa a farkon ƙarni na 20 saura kaɗan a ƙarar da elk, sai da aka ƙara tsaurara doka, kuma dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta sa harajin bindiga da harsashi yake tafiya wajen kula da namun daji.

Lokacin kwari da baka yakan faɗo a watan Satumba, daidai lokacin barbara. A nan ne namiji ke wani irin kuka mai tsawo kamar busar sarewa yana tara mata yana gargaɗin ƴan uwansa maza, maharbi kuma sai ya kwaikwayi kukan nan ko kukan mace da ɗan abin busa da ake sawa a baki, in ya yi sa'a namijin ya taho a fusace yana neman abokin faɗa. Kibiya ba ta nisa, yawanci sai an matsa kamar mita 30 zuwa 40, shi ya sa ake tafiya mutum biyu, mai kira ya tsaya a baya, mai baka ya laɓe a gaba. Amma fa duk dabarar nan banza ce in iska ta kai warin mutum hancinta, don elk ta fi yarda da hancinta a kan idonta. A dutse iska na gangarowa da sanyin safiya, rana na ɗumama ƙasa ta juya ta hau sama, wanda bai lura da wannan ba sai dai ya tarar da sawu.

Lokacin bindiga kuwa Oktoba ne zuwa Nuwamba, barbara ta ƙare, mazan sun rame sun yi shiru sun shige duhun itatuwa, kira bai cika aiki ba. Sai hawa tudu tun asuba da madubin hangen nesa, a bi sawu a kan dusar ƙanƙara. Harsashin .30-06 da .300 Winchester Magnum na cikin waɗanda aka fi amfani da su. A Colorado dole ne mai bindiga ya sa riga da hula masu ruwan lemu mai ƙyalli (an yarda da ruwan hoda ma) don kar wani ya ɗauka dabba ce.

Wahalar gaske bayan harbi take. A nan wurin ake feɗewa a yanka gida huɗu don naman ya huce kafin ya lalace, a yi ta jigilarsa a baya ko a kan doki, kuma barin nama ya ruɓe a daji laifi ne da ake cin tara a kai.