Mece ce bindiga mai lagwani?

Bindiga mai lagwani, wadda Turawa ke kira macilok, ita ce bindigar farko da aka yi wa kunama. Ta bayyana a Turai a ƙarni na 15, kuma ta yi sama da shekara 200 tana mulkin fagen fama.

Kafin zuwanta, bindiga bututun ƙarfe ne kawai. Mai harbi zai riƙe shi da hannu ɗaya, ya kai garwashi ko jan ƙarfe bakin wata 'yar kafa da ɗaya hannun. Idonsa na kan wutar, ina zai ga abokin gaba? Maƙera suka warware wannan da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da wuyan maciji, aka kafa shi a gefen bindiga. A bakinsa ake maƙala lagwani, wato igiyar rama da aka jiƙa a ruwan sinadarin da ake haɗa albarushi da shi, aka shanya. Igiyar ba ta kamawa da harshen wuta, ci take yi a hankali, kusan santimita 30 a awa guda.

Ga yadda ake harbi. A zuba albarushi ta bakin bindiga, a jefa dunƙulen dalma, a danna da sanda. Sai a barbaɗa albarushi mai laushi a wani ɗan kasko da ke gefen bututun, a rufe. Soja ya hura kan lagwanin har ya yi ja, ya maƙala shi, ya buɗe kaskon. Da ya ja kunama, wuyan macijin zai sunkuya ya dangwala wuta a kasko, wutar ta bi ta kafar ta tayar da albarushin ciki. Hannu biyu na kan bindiga, ido na kan abin harbi. A ganina nan ne duk hikimar take, domin daga ranar ne saiti ya samu.

Amma wahalarta ba kaɗan ba ce. Mutum yana rataye da goran albarushi a ƙirji, ga igiya mai wuta a tsakanin yatsunsa, sau da yawa ma an kunna bakinta biyu don gudun kada ɗaya ya mutu. Ruwan sama ya sauko, aiki ya tsaya. Da dare kuwa jan wutar da warin hayaƙin su ke tona asirin masu kwanton ɓauna.

Duk da haka ta bazu, saboda tana da arha kuma manomi zai iya koyonta cikin makonni, alhali gwanintar baka da kibiya sai an shekara da shekaru. 'Yan Fotugal sun kai ta tsibirin Tanegashima na Japan a 1543, maƙeran can suka kwaikwaya, har wani babban sarkin yaƙinsu, Oda Nobunaga, ya yi amfani da ita a yaƙin Nagashino a 1575. Turai ta koma bindiga mai ƙanƙara, wato mai kama wuta da tartsatsin dutsen ƙyastu, wajen shekarar 1700, amma Japan ta riƙe tata har tsakiyar ƙarni na 19. Kada a haɗa ta da bindigar tokar maharbanmu: ita ma ta baki ake ɗura ta, sai dai ba da igiya take kama wuta ba.

Yankinmu ma ya ɗanɗana ta. A 1591, a Tondibi kusa da Gao, a ƙasar Mali ta yau, rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Pasha ta gamu da dakarun Songhai na Askiya Ishaƙ na biyu, waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba. Songhai suka koro garken shanu don su tarwatsa sahun Maroko. Ƙarar bindigogi da igwa ta firgita shanun, suka juyo kan masu su. Bayan wannan yaƙi Gao da Tumbuktu da Jenne suka faɗa hannun Maroko.