Shekara goma don yanke wayar sabis? Ga abin da dokar ta ce

Tun bayan da Shugaba Tinubu ya sa hannu a 2024 kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa, jita-jita ta cika WhatsApp. Wai in fartanyarka ta sari wayar da aka binne a bakin gona, sai gidan yari na shekara goma. Ba haka zancen yake ba.

Umarnin ya shafi ƙarafan sabis, wayoyin intanet na ƙarƙashin ƙasa da cibiyoyin adana bayanai. Hukuncin kuwa yana sashe na 5 na dokar laifukan intanet ta 2015, kuma akwai sharaɗin da masu yaɗa maganar ke tsallakewa: sai an aikata da gangan. Manomin da tsautsayi ya faɗa wa daban, ɓarawon da ya zo da zarto cikin dare daban. Shekara 10 ɗin ma iyaka ce, alƙali na iya yanke ƙasa da haka, sai dai babu zaɓin tara. In ɓarnar ta yi wa wani mummunan rauni, har shekara 15. In an rasa rai, ɗaurin rai da rai.

Nan ne mutane ke tambaya, ta yaya waya za ta kashe mutum? Ku tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa. Manhajojin bankuna da dama suka tsaya cak a Najeriya. Mai POS na zaune ƙarƙashin lemarsa, na'ura cike da caji, kuɗi a jaka, amma ko sisi ba ya iya bayarwa. Banki ya jingina da sabis, kantin magani ya jingina da banki, mai jinyar da aka ce ya biya kafin a shiga tiyata yana ta danna taransifa tana dawowa. Wannan sarƙar dokar ta hango, ko da yake tabbatar da ita a gaban kotu ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masu kwangilar titi na cikin waɗanda suka fi yanke wayoyin nan, kuma "kuskure ne" zai ishe su kariya. A Satumban 2021 ma hukuma ce da kanta ta rufe sabis a Zamfara saboda 'yan bindiga, mutane suka riƙa niƙa gari zuwa Funtua don kiran waya da cirar kuɗi.